Dubu Talatin ɗin Yaya

Na fi shekara ashirin ina koyar da lissafi a makarantun firamare, mafi yawan shekarun a Yendi, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san ba na barin kwabo ya wuce ni ban tambayi inda za shi ba. Matata tana cewa rowa ce, ni ina cewa tsari ne. Mun daɗe muna wannan gardama. Yanzu in ta faɗa ba na amsa mata.

Mu 'yan Salaga ne, daga tsofaffin gidajen da kakanninsu suka zo fataucin goro suka ga wuri suka zauna. Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da Yaya, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Ina aji uku Mma ta rasu, Baba kuwa ya riga ta da daɗewa, don haka Yaya ce ta riƙe ni. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha, kuma da wannan kaskon ta biya mini makaranta tun daga lokacin har na shiga kwalejin horon malamai. Da rani ruwa wahala ne a Salaga, duk da rijiyoyin da ake yi mana kirari da su. Sai ta tafi ɗiba tun ina barci, ta dawo ta iske ban motsa ba, ta yayyafa mini na ƙasan bokiti a fuska. Ba ta taɓa dukana ba, amma bakinta ya isa.

Ta ƙi aure sai da ta ga na kama hanya. Manema sun zo sun gaji sun tafi. Wanda ya yi haƙuri shi ne wani mutumin Nijar mai tallar yadi a ka, dogo, marar yawan magana, wanda kullum safiya yake shan koko a wurinta ya biya har da na gobe don ya sami dalilin dawowa. Suka yi aure, suka zauna Salaga shekara uku, sannan mahaifinsa ya rasu aka kira shi ya je ya riƙe gonar gida. Ta bi shi wani ƙauye a bayan Dogon Dutsi. Sau biyu kawai ta sake taka Salaga bayan nan. Da mijin ya rasu na ce ta tattaro ta dawo gida, ta ce 'ya'yanta suna can, kabarin ubansu yana can, ina za ta?

Hausarta ma ta bi mijin. Ta koma cewa lahiya maimakon lafiya, ta koma cewa mi da shina maimakon me da yana. In muna waya ina kwaikwayonta, ita kuma ta ce ai gara tata da tamu ta zango, wadda ba ta san mace ba ba ta san namiji ba. Auta take kirana har na yi furfura.

Kowace Sallah ina aika mata abin da ya samu. Ba ta taɓa cewa ga abin da take so ba. Ni nake yanke abin da zan iya, in aika, ta kira ta ce ta ga saƙo, ta yi mini addu'a. A duk shekarun nan ban taɓa jin ta kira adadin kuɗi da bakinta ba, ni ma ban taɓa kira mata ba, don a gidanmu ba a ba babba abu a ce masa ga nawa ne.

Aikewar ce take ci mini rai. A Yendi akwai wani ɗan ofis kusa da kasuwa, taga ɗaya ce da ƙarfuna a jiki. Ka kawo sidinka, kuɗinmu na nan, su juya shi sefa, kuɗin Nijar, a farashin da suka ga dama, wanda kullum ya fi na 'yan canji muni, sannan su ɗora kuɗin aike a kai. A can kuma babbar 'yar Yaya za ta hau mota daga ƙauye zuwa gari, ta biya zuwa ta biya dawowa, wani lokaci a ce mata babu sabis ko kuɗi sun ƙare a akwati, ta koma ta sake zuwa kashegari. Na taɓa zama da biro na lissafa duka. In na aika goma, ɗaya da wani abu a hanya yake mutuwa. Wanda ɗan'uwansa yake Kumasi danna waya kawai zai yi, mu da namu suke bayan iyaka sai a yi ta yankarmu kamar wani laifi muka yi.

Yarinyar da ke zama a tagar ofishin 'yar ƙabilar Dagomba ce, tana hango ni take fara dariya.

"Ticha, yau ma za ka yi faɗa?"

"Zan yi. Me ya sa na bara bai kai haka ba?"

"Ba ni na sa caji ba oo. Mashin na ofis ne. In ba ka so, ɗauki lori ka kai mishi da kanka."

Gaskiya take faɗa, shi ya sa abin ya fi ɓata mini rai.

Wayar ma haka take. Ƙaramar waya ce gare ta mai maɓallai, ba ta shiga intanet, don haka sai dai kira kai tsaye, kuma kira zuwa Nijar yana shan kati kamar ƙasar rani da ruwa. Na saba magana da Yaya ina kallon agogo. Ita kuwa gaisuwarta doguwa ce. Sai ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maƙwabtan da ba ta taɓa gani ba, ta tambayi ruwa, ta tambayi doya. Ni ina ta cewa lafiya, lafiya, ina neman gaɓar da zan yanke.

Wata Laraba ana tsakiyar zangon karatu, ina zaune ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta makaranta ina duba littattafan 'yan aji biyar, sai wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Lambar Yaya ce. Ba ta saba yi mini haka ba in ba bayan Sallah ba. Na kira.

A ranar, gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Ta ce, "Auta, ban da lahiya."

Ta yi ta kewaye-kewaye irin na mace mai gaya wa ƙanenta ciwon mata, har dai na gane. Wata da watanni tana zubar da jini. Sun je asibitin gari, an ɗauki hoton cikinta, likita ya ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi aiki an cire, kuma kada a daɗe.

Na ce, "Nawa suka ce?"

Ta ce, "Da yawa ne."

"Yaya, faɗi mana. Kati yana tafiya."

Haka na ce mata. Na sha juya wannan magana a raina ko zan same ta da wata fuska, amma haka na faɗe ta.

Ta ce, "Dubu talatin."

Allah ya gani, sanyi na ji a raina. Na zaci za ta kira abin da zai sa in sayar da babur. Sefa dubu talatin kuwa bai fi abin da nake aika mata da Babbar Sallah da ɗan ƙari ba. Har na ce a zuciyata lallai asibitocin can suna da sauƙi, ba irin namu ba.

Na ce, "Shi ke nan? Gobe za ki gan su."

"Auta, kana iyawa?"

"Haba Yaya, dubu talatin ɗin me?"

Sai na ji tana kuka, tana jero mini addu'a, tana kiran sunan Mma. Na bar ta ta yi kaɗan, sannan na ce kati zai ƙare, na kashe.

Ban gaya wa matata adadin ba. 'Yar Bawku ce, a kasuwa ta tashi, idonta a kan kuɗi ya fi nawa kaifi, kuma a watan nan mun riga mun yi cacar baki a kan sayen kwanon rufin ɗaki da nake ta ɗagawa. Na ce mata dai Yaya ba ta jin daɗi, zan aika mata ɗan abu. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

Da safe na je tagar. Na rubuta dubu talatin a takarda da kyakkyawan rubutuna na malami. Na zo da ɗan ƙari a aljihu don kuɗin magani da abinci, amma yarinyar ta ce in na haura dubu talatin ko da kaɗan ne, kuɗin aiken zai tsallaka mataki na gaba. Na tsaya na lissafa, na ga ƙarin kusan rabinsa su za su ci. Na mayar da shi aljihu na ce sai wani karon. Na fito ina jin na yi dabara.

Bayan kwana biyu na kira.

"Na ga saƙo," ta ce. "Allah shi yi ma albarka."

"Yaushe za a yi aikin?"

"Likita yac ce a dakata tukuna. Sun ba ni magani."

Na yarda. Me zai hana in yarda? Likitoci suna cewa a dakata. Mako bakwai ina kira ranar Juma'a, minti biyu ko uku, tana cewa da sauƙi, ina cewa alhamdu lillahi. Har na ba abokan aikina labari a ɗakin malamai, yadda na biya wa yayata kuɗin aikin tiyata a ƙasar waje rana ɗaya. Ina faɗa ina nuna kamar ba wani abu ba ne, amma daɗi nake ji.

Da aka yi hutu ƙanwar matata ta haihu, muka tafi Bawku suna. Muka bi ta Gushegu, muka sauka gangaren dutsen Nakpanduri mota tana kuka mata suna salati, muka isa da la'asar ƙasusuwa duk sun kwance. Kashegarin suna da hantsi na shiga kasuwa in gai da kawun matata, wani Alhaji dillalin albasa wanda motocinsa suke ɗauko kaya daga Nijar. Rumfarsa tana can ƙarshen layi, buhuna jibge har rufi, warin albasa yana sa ido ruwa. A gefe 'yan canji suna zaune da damman sidi da sefa da naira an ɗaure da roba. Kowa yana yarensa, Bakusashe da Bamoshe da Babusange, amma in aka zo ciniki sai duk a dawo Hausa.

Ina zaune wani mutum ya zo ya ƙirga wa Alhaji sidi. Alhaji ya ɗauki waya ya kira wani, ya faɗi sunan gari da sunan mace da adadi, ya ajiye. Mutumin ya yi godiya ya tafi, babu takarda, babu sa hannu. Na tambaya. Alhaji ya ce ƙanensa ne yake zaune can inda ake loda albasa. A ba shi sidi a nan, ƙanen ya ba da sefa a can, in mota ta taso su daidaita a kuɗin kaya. Abin da ake ba shi na wahala bai fi kuɗin goro ba.

Nan fa aka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na buɗe baki na yi ta zuba, farashin canji, kuɗin aike, matakin da ake tsallakawa. Na ce, "Alhaji, ko wata biyu ba a yi ba na aika wa yayata kuɗin aikin asibiti a Dogon Dutsi, dubu talatin. Ka san nawa suka ci a kai?"

Bai tambayi nawa suka ci ba. Ya ce, "Aiki na yanka ciki, dubu talatin?"

"Ƙwarai."

"Wane dubu?"

"Sefa mana, Alhaji."

"Na san sefa ne. Sista naka ya karanta a takarda ne, ko an faɗa mishi da baki?"

Na ce Yaya ba ta yi boko ba, balle na Faransanci. Da baki aka gaya mata.

Alhaji ya ƙwala wa wani direbansa kira, wani dattijo ɗan Nijar da ke shan shayi a gindin mota. Ya miƙa hannu wurin ɗan canji ya karɓi tsabar sefa ɗari ya nuna masa.

"Wannan nawa?"

"Dala ashirin."

Ya zaro takardar sefa dubu biyar, lambar a rubuce ɓaro-ɓaro, biyar da sifili uku.

"Wannan fa?"

"Dubu guda. Wasu su ce jika biyar."

Alhaji ya mayar wa ɗan canji kuɗinsa. Ya ce, "Ticha, mutanen sefa ba su ƙirga abin da ke takarda. Dala suke ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa biyar ne. In tsohuwa ya ce maka dubu talatin, dala dubu talatin yake nufi. Kai ne mai lissafi."

Talatin sau biyar. Abin da nake sa 'yan aji biyu su rera da safe. Sefa dubu ɗari da hamsin likita ya nema, ni kuma na aika kashi ɗaya cikin biyar. A ƙirgar Yaya dubu shida na aika mata, bayan na ce mata dubu talatin ɗin me.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne mu ma muna da irin wannan a gida. Tun da aka canza mana kuɗi, tsofaffin Salaga ba su daina kiran sidi ɗari miliyan ɗaya ba, kuma na sha yi musu dariya, na sha kafa misali da su a aji. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutanen wata ƙasa ma suna da tasu ƙirgar ta baki ba. Shekara da shekaru ina aika sefa, amma a takarda kawai na san shi, ban taɓa sayen ko barkono da shi ba.

Na zaga bayan buhuna na kira ta. Sai da ta yi ƙara da yawa kafin ta ɗauka, kuma muryar da na ji ba ta Juma'ar da ta wuce ba ce, ko kuma ita ce, ni ne ban saurara ba.

"Yaya, dubu talatin ɗin nan da kika ce, na dala ne?"

"To na mi ne da?"

"Nawa suka iso hannunki?"

Na sake tambaya, "Yaya, nawa?"

"Dubu shida."

Sai na hau ta da faɗa. Wannan ma ba zan ɓoye ba. Mace tana kwance tana zubar da jini, ni ina bayan buhunan albasa ina ɗaga mata murya, me ya sa ba ki faɗa ba, me ya sa kika ce likita ne, ni ba ƙanenki ba ne? Masu dako suka tsaya suna kallona.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Na ce iyakar ƙarhinka ke nan. Kana da iyali, kana da 'yan makaranta. Ka ce gobe, gobe ta yi na ga saƙo. In buɗe baki in ce ma bai kai ba? Ban iya ba, Auta."

Ta ɗauka maganar da na yi mata ranar farko ƙarfafa zuciya ce kawai, irin wadda ake yi wa marar lafiya. Ta sayi magani da abin da na aika, ta koma ƙauye. Ta sayar da awakinta biyu, ba su kai ko'ina ba, sai ta ce bari a jira kaka a ga abin da gero zai yi.

Na dawo rumfa wurin Alhaji. Ya ɗauki waya ya kira ƙanensa. Kafin la'asar sefa dubu ɗari da ashirin suna hannun 'yar Yaya. Na ce nawa ne na wahala, ya ce in rufe masa baki, wannan ba kasuwa ba ce. Daga baya na sayar da babur ɗin na biya shi.

Da na gaya wa matata a gidansu, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta ce tun tana 'yar shekara tara take kai tallar goro Pusiga, can bakin iyaka inda sefa ke yawo, da dala ta koyi ƙirga kafin ta koyi sidi. Ta ce, "Da ka faɗa mini." Har yau ba ta sake tayar da zancen ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka mayar da Yaya asibitin gari da kuɗin cif. Suka sake ɗaukar hoto suka ce abin ya wuce hannunsu, sai Yamai. Aka kai ta Yamai. Can suka ce jininta ya yi ƙasa, sai an ƙara mata ta yi ƙarfi kafin a taɓa ta. Na yi ta aikawa, wani ta hannun Alhaji, wani ta tagar Yendi in abin na gaggawa ne. Yarinyar tagar ta ga ina miƙa kuɗi ba na tambayar komai, ta ce, "Ticha, lafiya?" Na ce mata yayata ce. Daga ranar ba ta sake tsokanata ba.

A makonnin nan na yi magana da Yaya fiye da yadda na yi a shekara goma. Ina sayen kati in zauna a bayan aji in bar ta ta yi gaisuwarta har ta ƙare. Wani lokaci ƙarfinta yana ƙarewa kafin gaisuwar. Ba ta taɓa komawa kan zancen kuɗin ba, in na ɗauko shi sai ta tambaye ni ko an yi ruwa a Salaga. Na yi niyyar tafiya. Makaranta ta koma, hanyar da ta ratsa Burkina ba lafiya, ana ta ba ni shawarar in zaga ta Togo da Benin. Ina cikin neman izini da haɗa kuɗin mota 'yarta ta kira ni wata Juma'a da hantsi ta ce Inna ta cika. Ba a kai ga yin aikin ba.

Na tambayi wani likita da muke sallah a masallaci ɗaya ko mako bakwai ɗin nan ne suka kashe ta. Ya ce irin wannan ciwo ba a sanin ranar da ya fara, mai yiwuwa ko an yi aikin a lokacin ba zai canza komai ba, kuma rai na Allah ne. Na san rai na Allah ne. Na kuma san mai yiwuwa ba tabbas ba ne, kuma da wannan nake kwana nake tashi.

Muka yi addu'ar arba'in a Salaga, a ƙofar gidanmu na gado. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, mata sun kwana biyu suna suyar masa. Mutanen da suka sha kokon Yaya suna yara suka zo da furfurarsu. Daga Nijar mutum biyu suka zo, kwana uku a hanya: 'yar Yaya, wadda ita ce take zuwa karɓar saƙona a gari, da gwaggonta, ƙanwar mijin Yaya, wata tsohuwa ƙanƙanuwa mai kaifin murya.

Bayan malamai sun sauke karatu, ana cikin sanar da gudummawar jama'a a lasifika kamar yadda muke yi, sai tsohuwar ta aiko ta ce tana da magana. Mai sanarwa ya kai mata abin magana har inda take zaune a cikin mata.

Ta yi sallama, ta gai da malamai, ta gai da masu gari. Sannan ta ce, "Ku mutanen Salaga, kun haihi ɗa. Ranar da likita yak kira dubu talatin, duk garinmu babu mai su, ko an haɗa mu an sayar. Matar wana tac ce mu kwantar da hankali, tana da ƙane. Kwana biyu ba su cika ba ta bi mu gida-gida, da ciwonta da komi, tana hwaɗin ƙanena ya aiko, dubu talatin cif, ko dala ba ta ɓace ba, likita ne dai yac ce a dakata. Har ta koma ga Allah ba ta da zance sai nai. Na ce in Allah ya kawo ni garinku sai na hwaɗi wannan gaban jama'a."

Wuri ya ɗauki kabbara. Mazan da ke kusa da ni suka juyo suna miƙo mini hannu. Wani tsohon abokin Baba ya dafa kafaɗata yana cewa haka ake so, haka ake so.

Mai sanarwa ya taho wurina da abin maganar, don a al'ada in an yabi mutum yakan tashi ya ce wani abu. Na yunƙura. Na san abin da zan faɗa, dubu shida ne, kuma ni ne ban iya ƙirga ba. Sai na hangi 'yar Yaya a cikin mata. Ita ce ta tsaya a taga ta karɓi kuɗin, ta ƙirga su da hannunta, ta kai wa uwarta. Tana kallona, ta girgiza kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

In na faɗa, na mayar da Yaya maƙaryaciya a gaban dangin mijinta da mutanen garinmu, ranar addu'arta. Gida-gida ta bi da ciwo a jikinta ta rufa mini asiri, kuma shi ne abu na ƙarshe da ta yi mini. Na koma na zauna, na yi wa mai sanarwa alama da hannu ya wuce. Mutane suka ɗauka kuka ne ya hana ni magana.

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, ni ma na ɗaga nawa. Ya roƙa wa Yaya gafara da rahama. Sannan ya roƙi Allah ya ba kowace mace ƙane irina. Jama'a suka ce amin, ni ma na ce amin.